Turken Kwanar Ƙasa

Ina tsugune a ƙofar sito ina wanke bakin keken fenti da tsohon buroshin haƙori, sai na hango Misis Bell, shugabar makarantarmu, tana ratso filin wasanni da takalmin ofis. Watan Maris ne, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, duk takun da ta yi sai dunduniyar takalmin ta nutse. Shugaba ba ta saukowa fili don gaisuwa kawai. Na ajiye buroshin na miƙe.

Ta ce, "Mista Bitrus, ban so ka ji a bakin wani ba. Kwamitin makaranta ya zauna jiya. Abin da ƙaramar hukuma ke ba mu ya ragu, kuma wasannin guje-guje ne za su tafi. Babu kocin da ke zuwa bayan an tashi, babu motar kai yara gasa, babu sabon fenti. Aikinka zai kai ƙarshen Yuli. Bayan nan wani kamfani zai riƙa zuwa yana yanke ciyawa."

Na ce, "To layin gudu na bana fa?"

Ta ce, "Ba wanda zai tambaye ka shi."

Na gode mata da ta tako da kanta. Na nuna mata hanyar gefen shinge inda ƙasa ta fi tauri, don kada ta ƙarasa kashe takalminta. Sannan na koma na gama wanke keken, domin fenti idan ya bushe a baki ba ya jin labarin kwamiti.

Ku matasan zumuntarmu ne kuka ce kowane dattijo ya rubuta sana'ar da ya ci abinci da ita a ƙasar nan. Na san sunan da kuke kira na a bayan coci: Baba Mai Fenti. Ɗayanku ma, Ishaku, ya faɗa mini a ido, yana dariya: "Baba, wannan ai ba aiki ba ne. Ka tura keke daga nan zuwa can, a biya ka. Yanzu fa akwai injin da ke yi da kansa, da waya ake tuƙa shi." Gaskiyarsa ce, na ga injin a filin wata makarantar masu hali, kuma layinsa ya yi kyau. Amma tunda kun tambaya, ku ji yadda hannu yake yi.

Matata Ladi ce ta fara zuwa London, aikin jinya ya kawo ta. Ni na biyo baya da 'yarmu Rahila a kafaɗa. Ɗan manomi ne ni daga wani ƙauye kusa da Kafanchan, karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Na yi shara, na yi gadi, kafin wata makaranta a gefen Deptford ta ɗauke ni lebura a filin wasanninta. Filin yana gangarawa a hankali zuwa wani rafi mai laka da ke shiga babban kogi. Ku riƙe wannan gangaren, za mu dawo kansa.

Maigidana a aikin wani tsoho ne ɗan Ireland, Pat. Ranar farko na miƙa hannu zan kama keken fenti, ya buge hannun. Ya miƙo mini ƙullin igiya da jakar turaku na ƙarfe. Bazara guda cur igiya nake ɗauka: in warware, in ja, in kafa turke, in naɗe. Idan na naɗe ta da ƙulli a ciki, sai ya zazzage ta ƙasa ya ce in sake. Ya koya mini yadda ake fitar da kusurwa daidai da awon uku, huɗu, biyar, irin wanda magina ke yi a gida. Ya koya mini in ɗaga igiya in sake ta ta daki ƙasa kafin in yarda da ita, domin ciyawa takan riƙe igiya ta karkatar da ita kai ba ka sani ba.

Layin farko da ya bar ni na tura, na gefen filin ƙwallo ne. Na sa ido a kan tayar keken kamar wanda ke bin kuɗin da ya faɗi. Da na kai ƙarshe na waiwaya, sai ga layi kamar sawun maciji a yashi. Pat bai yi faɗa ba. Ya kawo bokitin ruwa da tsintsiyar goge ƙasa, ya ce, "Peter, wanke." Haka yake kira na har ya bar aiki. Da na gama wankewa, ya ce, "Kada ka kalli taya. Ka zaɓi abu ɗaya can nesa, ka tafi wurinsa." Abin da babana ya gaya mini ke nan ranar da ya fara ba ni garma in yi kunya: ka dubi itacen ɗorawa na ƙarshen gona, ba ƙafarka ba. Na ce wa Pat mu ma haka muke yi a gonar dawa. Ya ce, "To me ya kawo ka nan kana ɓata mini fenti?"

Haɗa fentin ma aiki ne. Kaurinsa kamar na kunun da aka dama wa mara lafiya. Idan ya fi haka kauri, ya toshe bakin keke. Idan ya tsinke, ruwan sama na farko ya tafi da shi. Ba a ja a kan raɓa. Ba a ja kafin yankan ciyawa, sai bayansa. A zamanin da, Pat ya ce farar ƙasa suke zubawa, tana ƙona gwiwar yaro idan ya faɗi, har aka hana. Wasu kuma sukan zuba maganin kashe ciyawa a cikin fenti don layi ya daɗe. Pat ya ce duk ranar da ya kama ni da wannan, in ɗauki jakata. Layin da aka ƙone yakan zama rami, rami kuma yana jiran idon sawun yaro.

Abin da Ishaku bai sani ba shi ne, layi ba ya zama. Ba a kan ƙasa kake shafa fenti ba, a kan ganyen ciyawa ne. Ciyawa ta yi tsawo, inji ya yanke ta, ya tafi da aikinka. Kowane mako sai ka bi sawunka ka sake. Idan sanyi ya shigo, filin ya koma na ƙwallo, hanyar gudu ta ɓace ɗungurungum kamar ba a taɓa yin ta ba. Abin da ke saura shi ne bututun ƙarfe biyu da aka binne a ƙasa, ɗaya a tsakiyar kowace lanƙwasa. Mu muna ce musu kwanar sama da kwanar ƙasa. Idan Afrilu ya kama, sai ka ɗauki rodi kana sokawa a hankali har ka ji ƙarfe ya amsa. Ka tone bakin bututun, ka zura turke, ka ɗaura igiyar awo, ka ja ta ka yi ta kewayawa kana sa alama. Kowane layi da tsawon igiyarsa.

A kwana ake cutar yaro. Miƙaƙƙen layi kowa yana ganin gaskiyarsa, amma kwana ba mai iya auna ta da ido. Idan igiyarka ta saki, ko turke ya kwanta kaɗan, sai yaron da ke layin waje ya yi gudun da ya fi na 'yan'uwansa tsawo. Zai koma gida yana cewa shi bai iya gudu ba, alhali igiyarka ce ta yi masa ƙarya. Ba wanda zai kama ka. Pat yakan ce shi ya sa ake biyan mu.

Ramin yashi na dogon tsalle, shi nake fara dubawa kowace safiya. Dilolin London sun ɗauka don su aka yi shi. Ka kwashe ƙazantarsu, ka bi da manjagara, sannan ka sa hannu ka laluba ko wani ya jefo kwalba ta kan shinge. Na taɓa ciro gilashi mai tsawon yatsa daidai inda dunduniya ke sauka. Ban gaya wa kowa ba, na dai ƙara laluben.

Masu cinikina kuwa yara ne, kuma ba su san da ni ba. Hakan bai taɓa damuna ba. Yawancinsu a dogayen benaye suke zaune, flat a kan flat, maƙwabci yana buga rufi idan sun yi tsalle. Ciyawar da suka sani ita ce tawa. Ranar wasannin shekara kuwa iyaye sukan cika gefen fili da tabarmi da kuloli. Na tuna wani likita Bakano da ya zo da babbar riga daga masallacin Juma'a. Aka kira tseren iyaye maza, 'yarsa ta riƙe masa hannu tana ja. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe riga a kafaɗa, ya shiga. Na biyun ƙarshe ya zo. Ya wuce ta gabana yana haki, na ce masa da Hausa, "Sannu, Likita, saura kaɗan ka ci kofi." Ya tsaya cak yana neman inda Hausa ta fito. Ya ce, "Kai, bawan Allah! Kai ka ja layin nan? Wallahi ka tsawaita shi!" Tun daga ranar duk shekara sai ya kawo mini dabino.

Muguwar shekara ita ce wadda Pat ya yi ritaya. Mu uku ne a fili. Da ya tafi ba a ɗauki wani ba, na ukunmu kuma aka mayar da shi cikin gini. Aka bar ni ni kaɗai da filin da ke cin mutum uku. A shekarar ruwa bai ɗauke ba har tsakiyar Mayu. Injin yanka ya nutse a laka, sai da na shimfiɗa katako na fitar da shi. Na ja layi, ruwa ya wanke, na sake, ya sake wankewa. Kwanar sama ba ta ba ni wahala ba, ƙasar can tana da tsakuwa, turke yana tsayawa ƙyam. Kwanar ƙasa ce, ta gefen rafi. Ƙasar wurin taɓo ce, bututun kansa yana rawa a cikinta. Da ka ja igiya sai turke ya biyo ka. A da ni ne mai taka shi, Pat yana kewayawa. Yanzu ba mai takawa. Na ɗora bulo, ya zame. Na ɗora buhun yashi, ya kwanta tare da turken. Abin yana son ƙafar mutum, wadda za ta ji ja ta mayar.

Na dawo gida na zauna ban taɓa tuwo ba. Ladi ta ce, "Baban Rahila, wa ya mutu?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Yanzu saboda ƙusa ɗaya kake hora mini miya? Ranar Asabar ba ni da duty. Ni ba ƙafa gare ni ba?"

Ta sayi takalmin ruwa rawaya a kasuwar Deptford, ta zo da kujerar roba da fulas na kunun gyaɗa. Ta zauna a tsakiyar fili, ta ɗora ƙafar dama a kan turke. Na ɗauki bakin igiya na fara kewayawa.

"Ja a hankali," ta ɗaga murya, "ba akuya ka ɗaure ba!"

Na ce, "Maman Rahila, ki danna dai."

"Ina dannawa. Ikon Allah! An ba ka gona a gida ka ce kai sai Ingila. Ga ka nan kana yi wa ciyawa kwalliya."

Na ce, "Wa ya kawo ni Ingilar?"

"Ni na ce ka zo ka riƙe yarinya, ban ce ka auri fili ba."

Kwanar da muka fitar a ranar, ban taɓa yin mai kyanta ba. Daga shekarar abin ya zame mana al'ada. Asabar ɗaya a cikin Afrilu ta fili ce, ko biki aka gayyace mu sai ta ce muna da aiki. Ta gane aikin har ta fi ni saurin jin kuskure. Takan ce, "Ka saki, na ji a ƙafata," kuma idan na duba haka ne. Tana zaune tana rera waƙoƙin coci, ni ina kewaya ta. Idan mun gama mu bi ta kasuwa ta sayi doya da busasshen kifi, ta yi ciniki da masu shago kamar a Kafanchan take. Makaranta ba ta taɓa sanin tana da ma'aikaciya ta biyu a fili ba.

Ladi ta rasu a watan Janairun bana. Ciwon bai ja lokaci ba. A nan muka binne ta, da yawanku kun zo, na gode.

Yanzu maganar da ake ta yi, ko daidai ne makaranta ta yanke kuɗin wasanni. An tambaye ni a coci, an tambaye ni a bas. Wasu suna so in zagi Misis Bell. Ba zan zage ta ba. A taron iyaye ta tsaya ta ce rufin ajin ƙanana yana yoyo, kuma akwai malamar da ke zama da yaran da karatu ya yi wa nauyi, da waɗanda suka iso ƙasar ba su da Turanci. Ta ce, "Ko ita, ko fili. Ku zaɓa mini." Ni kuwa na tuna Rahila. Ta sha wuya kafin ta iya haɗa baƙi, irin wannan malamar ce ta zauna da ita har ta iya. Yau Rahila tana aiki a ɗakin magani, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yin tsere a layin ubanta ba. Da ni aka ba wa zaɓin, ban san abin da zan ce ba.

Abin da na sani shi ne abin da na gani daga ƙofar sito. Akwai yaron da ba a kiran sunansa a makaranta sai don laifi. Sau ɗaya a shekara ake kiransa a lasifika a tafa masa, kuma a filin nan ne. Na ga irinsu da yawa sun daina gudun makaranta saboda koci ya ce wanda bai shiga aji ba ba zai shiga mota ba. Masu hali za su kai 'ya'yansu kulob su biya. Na benaye za su koma benaye. Ladi takan ce, duk lokacin da aka fara irin wannan magana, "Abin da suka hana fili, mu za su kawo wa a asibiti." Ita ta ga ƙarshen abin, ni farkonsa nake gani. Ina ganin an yi kuskure, amma ba mutum ɗaya ya yi shi ba, kuma wadda ta tako cikin laka ta gaya mini ba ita ce ta fara ba.

Ni dai ba ni da ƙorafi. Sana'ar nan ta biya haya, ta yi wa yarinya karatu, ta gina mana ɗaki a gida. Na yi aiki a waje ina ganin sama, a garin da mutane ke yini a ƙarƙashin ƙasa cikin jirgin tube. Gwiwa ma ta fara cewa ya isa.

Bayan taron, Malama Thomas mai koyar da wasanni ta same ni a sito. Ta ce, "Mista B, fenti ya rage?"

Na ce, "Idan na tsinka shi kaɗan, zai kai Yuli."

Ta ce, "Koci ya tafi, mota ta tafi, amma ni ina nan. Idan akwai layi, zan fito da su lokacin abincin rana, ba sai an biya ni ba. Mu yi ranar wasanni ta ƙarshe yadda ya kamata. Amma ba zan iya sa su tsere a fili ba layi ba."

Na ce za a yi layi.

Na nemo bututun biyu, duka sun amsa. Na ja miƙaƙƙun layuka, na fitar da kwanar sama ni kaɗai kamar kullum. Da na zo kan kwanar ƙasa na gaya wa Malama Thomas yadda ake yi. Ta zo da safe, ta ɗora ƙafa a kan turke, ta ce, "Haka?" Na ce haka. Na ɗauki bakin igiya na taka har ta miƙe. Na waiwaya don in ga ko ta danna.

Ta danna daidai. Ba laifinta, ba ita dai idona ya saba gani a wurin ba. Na tsaya riƙe da igiyar, sannan na ce mata iska ta yi yawa yau, za ta kaɗa awon. Ta dubi bishiyoyi, ko ganye ba ya motsi. Ta ce, "Gaskiya ne, Mista B. Mu bari wata rana." Ta taya ni naɗe igiyar, ta naɗe ta da ƙulli, ban ce ta sake ba.

Rahila ta kira ni ranar Lahadi. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, kamar yadda ta saba. Ta ce ta ga takalmin ruwan mamanta a bayan ƙofa, ta gwada, ya yi mata yawa kaɗan amma da safa biyu zai zauna. Ta ce duk Asabar ɗin da na shirya in gaya mata. Na ce to.

Yara kuwa ba su jira ni ba. Malama Thomas tana fito da su kowace rana. Suna tashi a layi, su sha kwanar sama kowa a hanyarsa, su gangaro. Idan sun zo inda farin layi ya ƙare, ba sa tsayawa. Sukan haɗe wuri ɗaya suna ture juna suna ihu, su kewaya da ido, su sake hawa layi a ɗaya gefen. Ƙafafunsu sun fara kwantar da ciyawa a wurin. Jiya na je na duba sawun. Ya shigo ciki da yawa, suna yanke hanya, kuma ba za a iya yin ranar wasanni a kansa ba.

Fenti yana nan a haɗe, turke yana cikin bututunsa. Kwanar ƙasa dai har yau ban ja ta ba.